Ƴan promo: zauren da ke saurin jin mutuwa, yana jinkirin jin ciwo

Saƙon yakan shigo ne da asuba. Hoto ɗaya, galibi na katin ɗan ƙasa ko na ranar aure, sai layi biyu a ƙarƙashinsa: sunan mamaci, unguwar da za a yi jana'iza, da lokaci. Wanda ke fatauci a Guangzhou ta ƙasar Sin kan riga kowa amsawa, domin agogonsa na gaban na Yamai da awa 7. Wanda ke Montreal ta Kanada kuwa sai ya farka ya tarar har an dawo daga maƙabarta. Kafin rana ta take, addu'o'i sun cika zauren, wasu a rubuce da Faransanci, wasu da murya cikin Hausa ko Zabarmanci.

Can a tsakiyar addu'o'in, wani kan yi ƙarfin hali ya yi tambayar da ke zuciyar mutane da yawa: wane ne shi, a wane aji yake? Sai a shiga kwatance. Wanda ke zama a bencin baya kusa da taga. Mai keken nan da ke zuwa daga bayan gari. Wanda ya fi kowa lissafi a tarminal D amma bai ci BAC ba. Daga nan sai wani ya ce ai ya fi shekara yana jinya, kuma a duk faɗin zauren ba wanda ya sani.

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban wata lise a Nijar ya san irin wannan safiya. "Promo" ake ce wa waɗanda suka gama a shekara ɗaya, kuma kusan kowace promo ta shekarun nan tana da zaurenta, wani na aji ɗaya, wani na makaranta baki ɗaya. Ba gwamnati ce ta kafa su ba, ba kuma hukumar makaranta ba. Mutum ɗaya ne kan tashi wata rana ya zuba lambobin da ke wayarsa, kowa ya jawo wanda ya sani. A haka waɗannan zauruka suka zama kusan wuri ɗaya tilo da ake riƙe da lissafin wani zamani na ƴan lakwal: wane na ina, wance ta haihu, wane ya samu aiki, wane ya riga mu gidan gaskiya. Tambayar ita ce wa wannan lissafi ya ƙirga, wa kuma ya tsallake.

Shekara uku da ba a mantawa

Lise shekara 3 ce kacal bayan BEPC, amma zumuncinta ya fi na firamare da na kwaleji daɗewa. Dalilin a fili yake. Shekaru da dama manyan lise na gwamnati ƙalilan ne, kusan ɗaya a kowane babban birnin jiha, kuma a nan ɗaliban gari da na ƙauye ke haɗuwa karo na farko. Maraɗi na da Ɗan Baskore da lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa. Damagaram na da Amadu Kuran Daga, Tawa na da Agabba, Doso na da Sarauniya Mangu, Agadas na da Tagama, Difa na da Idrisa Alauma. A Yamai akwai Isa Korombe, wadda dattawa ke kira Lise Nasiyonal har gobe, da Kasai da sauransu.

Yawancin sunayen na manyan da suka shuɗe ne. Kuran Daga shi ne sarkin Damagaram da Faransawa suka kashe a 1899, Ɗan Baskore na cikin sarakunan Katsinan Maraɗi na ƙarni na 19, Korombe kuma jarumin Zabarmawa ne. Ƙasa ta ɗauki nauyin tunawa da waɗannan, ta rubuta su a bakin ƙofa. Tunawa da yaran da suka ratsa ƙofar kuwa, aikin abokansu ne.

Ɗalibin da ya taso daga Dakoro ko Mayahi zuwa Maraɗi, ko daga Tanut ko Magariya zuwa Damagaram, yakan sauka gidan wani ɗan uwa ko abokin uba, wani lokaci gidan da bai taɓa gani ba. Abokan aji su ne danginsa a garin. Da su ake cin kwano ɗaya, da su ake bitar darasi a ƙarƙashin fitilar titi idan jarrabawa ta matso, da su ake kafa fada a kan tabarma da butar shayi, da su kuma ake fita idan USN ta kira yajin karatu. Mutumin da ya raba maka dambu ranar da kuɗin gida ba su iso ba, ba a mance shi don an samu ofis.

Bayan BAC sai a watse. Kafin 2010, lokacin da aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, wanda ya ci jarrabawar ba shi da zaɓi mai yawa: jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Musulunci da ke Say, ko kuma waje. Masu sa'ar samun tallafin karatu suka nufi Aljeriya da Maroko da Tunisiya, daga baya Turkiyya da Indiya da Sin. Wasu suka yi bautar ƙasa suka zarce koyarwar kwantiragi a ƙauyukan da ba su taɓa jin sunansu ba. Wasu suka shiga soja da jandarma da ƴan sanda. Wasu suka kama kasuwa tsakanin Kano da Kwatano da Lome. Tsakanin Yamai da Damagaram kaɗai akwai kimanin kilomita 900, don haka kafin zuwan wayar zamani abokin aji kan ɓace maka shekara 10 alhali kuna ƙasa ɗaya.

Abin da zauren ke yi da rai

Ba mutuwa kaɗai ake sanarwa ba, kuma rashin adalci ne a ce haka. A ranakun da ba a yi rashi ba, zauren promo ofishin neman aiki ne, tashar mota ne, wani lokaci har ɗakin shan magani. A nan ake fara ganin sanarwar gasar ɗaukar ma'aikata. A nan mai zuwa Yamai neman takarda ke samun wurin kwana, mai son tura ƙaninsa karatu Maroko ke tambayar wanda ya riga shi. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, saƙon neman jini na cikin waɗanda aka fi amsawa da gaggawa: a faɗi rukunin jinin da asibitin, wanda ke kusa ya hau babur.

Sai karo-karo. Aure, suna, gobara, ambaliya, kowanne da adadinsa, jika ɗaya ko biyu ko biyar gwargwadon abin da aka yi yarjejeniya a kai. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza sun sauƙaƙa abin: a ba da lambar ma'aji, kowa ya tura, ya ɗora hoton rasit a zaure. Ƴan waje ne kan ɗauki kaso mafi nauyi, kuma ba a ɓoye ba ne cewa wasunsu na gunaguni. Ana ganin duk wanda ya ƙetare yana cikin daula, alhali ɗalibin da ke wankin kwanoni da dare don biyan haya shi ma da kyar yake kai ƙarshen wata. Amma yakan tura. Ga mutumin da ba zai iya zuwa zaman makoki ba, rasit ɗin nan shi ne takalminsa a ƙofar gidan.

Kuɗi kuma su ne ke kashe zauruka da yawa. Ma'ajin da bai kawo lissafi ba, gudummawar da aka ba wane da yawa aka ba wane kaɗan, ko ɓarawon da ya sace asusun WhatsApp na wani ta hanyar yaudararsa ya ba da lambobi 6 na tabbatarwa, sannan ya shiga roƙo da sunansa. Promo ɗin da ta girma takan nemi zama ƙungiya mai rajista, abin da ake kira amikal, ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta ranar 1 ga Maris 1984, da shugabanni da takardun tsari da izinin hukuma. Kaɗan ne ke kaiwa can. Yawanci sun tsaya a hannun admin biyu ko uku da amanar da ke tsakani.

Matattun matasa

Ƴan promo na shekarun 2000 da 2010 ba su kai shekarun da ya kamata a ce suna yawan binne juna ba, amma suna yi. Hanyar RN1 da ta ratsa kudancin ƙasar ta ci wasu. Haihuwa ta tafi da wasu daga cikin matan. Akwai kuma fagen daga. A harin Inates na ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojoji 71, wata ɗaya bayan nan, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. A sanarwar hukuma adadi ne. A zaurukan tsofaffin ɗalibai kuwa, tun daga wancan lokaci zuwa yau, irin wannan labari da fuska yake zuwa: hoton saurayi cikin kaki, sai wani ya lalubo tsohon hotonsa na aji ya ɗora a gefe.

Tunda jana'iza ba ta jira, mafi yawan ƴan promo ba sa samunta. Abin da suka ƙirƙiro a madadinta shi ne saukar Alƙur'ani daga nesa. A jera izu 60, kowa ya rubuta sunansa a gaban wanda zai karanta, na Istambul ya ɗauki biyu, na Arlit ya ɗauki uku, kafin Juma'a an sauke. Waɗanda ke garin su haɗu su kai ambulan gidan mamaci ranar sadakar uku ko ta bakwai, su yi gaisuwa da sunan promo baki ɗaya. Ga uwar mamaci, ganin mutum 10 da ba ta sani ba sun durƙusa suna cewa tare suka yi karatu da ɗanta ba ƙaramin abu ba ne.

Ba a rasa saɓani. Akwai masu ganin sadakar bakwai da ta arba'in ba su da asali a addini, akwai masu ƙin a riƙa yawo da hoton mamaci, musamman mace. Akwai abokan aji Kiristoci da su ma ake rasawa, wanda ke sa zauren ya nemi kalmomin ta'aziyyar da ba za su ware kowa ba. Zaurukan da suka daɗe sun koyi barin kowa ya yi addu'a yadda ya fahimta. Wanda kuma har yanzu ba a koya ba shi ne haƙuri: sau da yawa hoto kan riga iyali. Matar da ke wani gari, ko ƙanin da ke Libiya, ya buɗe waya ya ga rasuwar ɗan uwansa a allon wani kafin babban gida ya kira shi. Gaggawar zama na farkon sanarwa ba zumunci ba ce.

Bayan arba'in kuma sai shiru. Ambulan ɗaya ce, marayu kuwa kowace Oktoba sai sun koma lakwal. Ƙalilan ne ke waiwayar gidan bayan shekara.

Waɗanda ba su cikin zauren

Tun ƙarshen 2022 zauren WhatsApp na iya ɗaukar mutum 1,024, a da 256 ne. Wuri dai bai ƙare ba. Amma duk wanda ya ɗauko tsohon jerin sunayen ajinsa ya gwada da na zauren zai ga giɓi, kuma giɓin ba na tsautsayi ba ne.

A shekaru da dama na baya-bayan nan, waɗanda suka ci BAC a Nijar ba su kai ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna ba. Ke nan mafi yawan kowane ajin tarminal ba su fita da takardar ba a zaman farko. Wasu sun maimaita sun samu, wasu sun koma gona ko shago ko kabu-kabu. Zauren kuwa waɗanda suka wuce jami'a ne suka kafa shi, da Faransancinsu da labarin digiri da ƙarin girma. Mai tura baro a kasuwa, ko da an saka shi, yakan yi shiru na wata biyu ya fice ba sallama. Ba korarsa aka yi ba. Kowace sanarwar karo-karo ce ke tuna masa da abin da ba shi da shi, ga kuɗin mega da zai sauke hotunan bikin wasu.

Na mata ya fi tsanani. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata na aure kafin shekara 18, wadda ta kai lise ta riga ta tsallake siraɗi, amma ko a nan akwai waɗanda aure ya ɗauke a tsakiyar shekara. Ta canza gari, ta canza layi, wata ma maigida bai yarda ta zauna a zaure ɗaya da maza ba. Abokan ajinta sun san sunanta na rajista, unguwar da ta koma kuwa da sunan ɗanta na fari ake kiranta. Ko an je nema, ba lalle a same ta ba.

Waɗannan su ne mutanen da suka fi bukatar promo, kuma su ne waɗanda labarinsu ba ya isowa sai ranar da hotonsu ya shigo da asuba. Ciwo a ƙasar Hausa abin rufewa ne, talauci ma haka. Mutum ya gwammace ya sayar da baburinsa da ya rubuta a gaban mutum 80 cewa ba shi da kuɗin magani. Mutuwa ce kaɗai ba ta da kunya, shi ya sa take riga kowane labari isowa. Jika ɗari da aka tara ranar sadakar uku, da an tara ta wata shida kafin nan, wataƙila takardar magani za ta biya.

Gyaran wannan ba ya bukatar wata sabuwar manhaja. Yana bukatar mutum ɗaya a kowane gari da aikinsa shi ne ya kira waɗanda suka yi shiru, a keɓe, ba a bainar zaure ba. Yana bukatar asusun da za a iya taɓawa ba tare da an ambaci sunan mai bukata ba. Yana bukatar a daina kallon saƙon murya cikin Hausa a matsayin na wanda bai yi nisa a boko ba.

Siyasa a bakin ƙofa

Kusan kowane zaure na da dokar hana siyasa, kuma kusan kowanne na karya ta. Zaɓen 2021 ya raba abokai, juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙara, musamman tsakanin na gida da na waje. Akwai kuma tsoron doka. Dokar laifukan intanet ta Yuli 2019 ta tanadi ɗauri, a 2022 aka cire shi a kan ɓata suna da zagi, sannan a Yuni 2024 aka maido da shi. Admin da ke goge saƙo da sauri ba lalle yana goyon bayan wani ɓangare ba ne. Illar dai ita ce duk gardama takan ƙare da ficewar mutum biyu ko uku, kuma wanda ya fita cikin fushi ya shiga sahun waɗanda ba za a sake jin ɗuriyarsu ba.

Tarihin da ke cikin waya ɗaya

Ƴan makarantar Nijar sun san yadda ake riƙe tunawa idan an so. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma, lamarin da ya taimaka wajen kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Fiye da shekara 30 ke nan, amma duk shekara USN na raya ranar, har yaran da iyayensu ma ba su shiga lise ba a lokacin sun san ta. Ta rayu ne saboda tana da rana tsayayya da ƙungiyar da ke miƙa ta daga hannu zuwa hannu.

Matattun promo ba su da ko ɗaya. Sunayensu na warwatse a cikin dubban saƙonni, tsakanin gaisuwar Juma'a da bidiyon barkwanci. A tambayi zaure mutum nawa aka rasa tun da aka gama, sai an yi kwana biyu ana ƙirga ana tuno wanda aka manta. Tsofaffin hotunan aji, waɗanda mai hoto ya wanke aka sake ɗauka da waya, galibi suna hannun mutum ɗaya. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a kasuwa, shi ke nan. Sabon shiga kuma ba ya tarar da abin da aka yi shekarun baya. Rajistar makaranta na can a kabad, takarda ce, ga gara ga ruwa, kuma daminar 2024 da ta sa aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba ta nuna abin da ambaliya ke iya yi wa gini. Ita ma rajistar ranar shiga da sakamako ta sani, ba ta san abin da ya biyo baya ba.

Littafi ɗaya mai bango mai kauri zai wadatar: suna, aji, garin asali, inda yake yanzu, in ya rasu ranar da wurin da waɗanda ya bari. A ajiye kwafi a hannun mutum biyu a garuruwa biyu, a karanta shi sau ɗaya a shekara ranar haɗuwar bayan salla, lokacin da ƴan waje ke gida.

Su kansu kamfanonin ba su yi alkawarin riƙe wa kowa amana ba. Facebook na ba da damar mayar da shafin mamaci na tunawa idan wani ya nema, amma kaɗan ne suka san da haka, shi ya sa duk shekara yake tuna wa mutane ranar haihuwar wanda suka binne, har wanda bai ji ba ya rubuta masa fatan tsawon rai. WhatsApp kuma kan rufe asusun da ya yi kimanin kwana 120 ba a taɓa ba. Kamfanonin waya su ma sukan karɓe layin da ya daɗe a kashe su sayar wa wani.

Wannan ne ke jefa admin cikin wani hali bayan kowace rasuwa. Lambar mamaci na nan a jerin ƴan zaure, da hotonsa, da kalmar da ya rubuta a ƙarƙashin sunansa. Ya kamata a cire ta kafin ta koma hannun baƙo. Amma duk wanda ya danna, WhatsApp zai rubuta a tsakiyar zaure, kowa na gani, cewa wane ya cire wane. Sau da yawa admin uku ne, kowanne na jiran ɗayan, har ranar da lambar ta fice da kanta.